Wane irin lens ya dace da gilashin nutso ga mai raunin ganin nesa da na kusa?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka san harkar nutso da tukunyar iska, da kuma waɗanda suka san aikin ido, a kan wata matsala da ta tsaya mini a rai. Shekaruna 48, ina aiki da wani kamfani da ke kula da ƙananan jiragen ruwa a yankin Apapa, kuma kwanan nan na fara koyon nutso a wani wurin ninƙaya da ke Ikoyi, da niyyar samun takardar matakin farko ta PADI, ƙungiyar koyar da nutso, takardar da ke ba mutum damar sauka har zurfin mita 18. Tun ina sakandare nake sa tabarau saboda ba na ganin nesa sosai, sannan a 'yan shekarun nan karatu ma ya fara yi mini wuya idan tabarau yana fuskata, har aka haɗa mini na karatu a ƙasansa.

Ga abin da ke rubuce a takardar awon idona (SPH lambar gyaran ganin nesa ce, CYL ta rashin daidaiton lanƙwasar gaban ido, ADD kuma ƙarin karatu): idon dama SPH −3.25 da CYL −0.75, idon hagu SPH −2.75 da CYL −0.50, sannan a ƙasa an rubuta ADD +1.75.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na sa gilashin nutso na makaranta, wanda babu wani lens a jikinsa, ina karanta lambobin gejin iska da na kwamfutar da ke ɗaure a hannuna tsaf, amma malamin da ke koya mana, idan ya ɗan matsa baya ya ɗaga yatsu yana tambayar yawan iskar da ta rage mini, sai dai in ga hannu yana motsi, ba na iya ƙirga yatsun. Wani abokin karatuna ya ara mini nasa mai lens na −3.00, nan take na ga malamin da tayil ɗin bango ɗaya bayan ɗaya, amma da na duba hannuna sai lambobin suka cakuɗe, na kasa bambance 3 da 8. Ke nan da na farko ina ganin hannuna ba na ganin mutane, da na biyu ina ganin mutane ba na ganin hannuna.

Tambayata ita ce, me ya kamata in saya? Na ga ana sayar da lens da ake sauyawa a jikin gilashin, na ga wasu ƙanana na roba da ake mannawa daga ciki domin karatu, wasu kuma sun ce in rabu da duk wannan in koma lens ɗin da ake manna wa ido. Kayan nan da kuɗin waje ake sayensu, kuma idan sun iso ba su yi daidai ba mayar da su wahala ce, shi ya sa nake so in fahimci lamarin kafin in fitar da kuɗi. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Nutso, Lekki, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, ka yi dabara da ka tambaya tun kana wurin ninƙaya, domin a can ruwa garai-garai yake, ga haske, duk abin da ya gagare ka karantawa a can to a teku ya fi haka wuya.

Shawarata ta farko ita ce kada ka fara da lens, ka fara da gilashin kansa. Kowane lens da ake sauyawa an yanka shi ne daidai tagar samfurin da aka yi shi dominsa, saboda haka na kamfanin Cressi ba zai shiga na Tusa ko na Mares ba, kai ko a kamfani ɗaya ma ba lallai ne samfuri biyu su yi aron lens ɗin juna ba. Idan ka sayi lens masu tsada sannan ka tarar robar gefen gilashin ba ta kwanta a fuskarka ba, ruwa zai riƙa tsiyaya ciki, kuma duk gyaran ganin ya tashi a banza. Yadda ake gwadawa shi ne ka ɗora shi a fuska ba tare da ka ja maɗaurin ta bayan kai ba, ka ɗan ja numfashi ta hanci kaɗan, ka saki hannu. Idan ya zauna bai faɗo ba, kuma ba ka ji iska tana shiga ta gefen ido ko ƙarƙashin hanci ba, ya dace da kai. Ka duba kuma ko ƙarfen tsakiya ko robarsa na danna maka goshi ko karan hanci. Ga mu masu gemu, gemun ba ya hana komai, gashin baki ne ke buɗa wa ruwa hanya, don haka a rage shi sosai daga ƙarƙashin hanci, a ɗan shafa man silikon idan akwai bukata.

Ka nemi mai taga biyu, ido da ido, domin shi ne ake cire gilasansa a sa masu gyara gani, kuma kowane ido ya sami lambarsa. Samfura irin su Focus da Big Eyes na Cressi, da X-Vision na Mares, an san su da karɓar irin wannan lens. Yawanci ana yinsu ne da tazarar rabi-rabi, wato −2.50, −3.00, −3.50 har zuwa wajen −8.00, babu na kwata, kuma ba sa gyara abin da aka rubuta maka a layin CYL. Yadda za a daidaita lambarka da waɗannan matakan na bar wa likitoci.

Akwai wani abu da nake so in ja kunnenka a kai, domin na ga masu raunin gani suna sha'awarsa saboda araha: tabarau na ninƙaya mai gyara gani, wanda ke rufe idanu kawai ya bar hanci a waje. Ba a nutso da shi. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jiki ya ninka na bakin ruwa sau biyu, iskar da ke cikin gilashi tana neman komawa rabin girmanta, kuma hanyar da ake cike giɓin ita ce a hura iska kaɗan ta hanci. Idan hanci ba ya ciki, gilashin zai tsotsi idanu har ƙananan jijiyoyin jini su fashe, mutum ya fito da idanu jajur.

Za ka ji wasu suna cewa a ruwan Legas ganin nesa ba shi da amfani, tunda a lagun da bakin tashar jiragen ruwa, musamman da damina, sau da yawa ba a ganin abin da ya wuce 'yan mitoci. Gaskiya ne a ƙarƙashin ruwa, amma nutso ba ya ƙarewa sai ka koma cikin kwale-kwale. Wanda ya taso a wajen Tarkwa Bay, igiyar ruwa ta ɗan janye shi, kusa da hanyar da manyan jirage ke bi su shiga Apapa da Tin Can, dole ne ya hango kwale-kwalensu, ya gane alamar da matuƙi ke yi masa, ya kuma ga abin da ke tahowa. Mai −3.00 ba ya iya wannan da ido tsirara. Saboda haka ni ban yarda ka ci gaba da gilashi marar lens don kawai kana karanta geji da shi ba.

Hajiyar Obalende ta amsa:

Assalamu alaikum. Yaya, ni ma ba na ganin nesa, kuma lambata ta fi taka ƙarfi. Na yi nutso a Sharm el-Sheikh da Dahab a Bahar Maliya ta ɓangaren Masar, kuma abin da na zaɓa shi ne lens mai laushi da ake manna wa ido, irin wanda ake sawa da safe a yar da shi da yamma. Dalilina shi ne ina gani tun daga kan jirgi, lokacin haɗa kaya da duba na abokiyar nutsona, har zuwa hawa tsani bayan an fito, ba sai na cire tabarau na yi lalube ina neman inda zan ajiye shi ba. Sannan idan gilashina ya ɓata ko maɗaurinsa ya tsinke, kowane irin gilashi na ara zai yi mini aiki, alhali mai lens a jikin gilashi idan nasa ya nutse, tafiyar tasa ta gama lalacewa.

Sai dai akwai sharuɗɗan da nake kiyayewa. Duk lokacin da ruwa ya shiga gilashi, ko malami ya ce a cire a mayar, ina rufe idanuna har sai na gama fitar da ruwan, kuma ina gaya wa malami tun kafin mu shiga. Da zarar an gama nutson ranar nake wanke hannu in cire in yar, ba na kwana da shi, ba na kuma sake sa wanda ruwan teku ya taɓa. Mai tauri kuwa an hana ni shi, domin ƙananan kumfan iska suna iya taruwa a ƙarƙashinsa lokacin tasowa, gani ya dushe na ɗan lokaci.

Ga 'yan'uwana mata da za su karanta wannan, mu masu rufe kai mu kula kada bakin hular ruwa ko silin gashi ya shiga ƙarƙashin robar gilashi, domin ko kaɗan ne ya shiga ruwa zai bi ta wurin, kuma ga mai lens a ido kowane ɗigo abin damuwa ne. Inda ba zan iya ba ka amsa ba shi ne batun karatu, tunda ni shekaruna ba su kai inda ganin kusa ke raguwa ba, ina sa lens ɗin nesa kuma ina karanta kwamfutata ba wata wahala.

Likitan Gwajin Ido, Ikeja, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka gani a wurin ninƙaya ba abin mamaki ba ne, kuma idan ka fahimci dalilinsa za ka iya zaɓa da kanka.

Ƙarfin da ido ke tattara haske da shi ya kai wajen diyofta 60 (diyofta ma'aunin ƙarfin lens ne, shi ne lambobin da ke takardarka), kuma kusan kashi biyu cikin uku nasa yana fitowa ne daga fatar nan mai garai-garai da ke gaban baƙin ido, wadda muke kira koniya. Tana wannan aiki ne saboda iska ce a gabanta. Idan ruwa ya taɓa ta kai tsaye, yawancin ƙarfin ya tafi, shi ya sa kowa ke gani dishi-dishi idan ya buɗe ido a ruwa. Aikin gilashin nutso shi ne ya mayar da iska gaban ido. Amma hasken da ya fito daga ruwa ya ratsa shimfiɗaɗɗen gilashi ya shiga iska yana karkacewa, sai abu ya bayyana ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku, ya kuma matso kusa zuwa kashi uku cikin huɗu na ainihin nisansa. Shi ne abin da kake gani idan ka jefa kwabo a bokiti cike da ruwa, ka ga kamar ƙasan bokitin ya ɗago.

Mutane da yawa suna jin batun ƙarin girma sai su ɗauka ruwa yana sauƙaƙa karatu. Ga mai shekarunka akasin haka ne, domin matsowar ita ce ke ƙara wa ido aiki. Ƙarfin da ake bukata don ganin abu na kusa ana samunsa ne idan aka raba 100 da nisan abin a santimita. Kwamfutar da ke nisan santimita 40 a doron ƙasa tana bukatar 2.50. A cikin ruwa ido yana ganinta kamar tana wajen santimita 30, sai bukatar ta haura zuwa kusan 3.33. Lens ɗin cikin ido, wanda shi ne ke lanƙwasuwa ya ba da wannan ƙarin, yana yin tauri da shekaru, kuma daga wajen shekara 40 zuwa 45 mutum ke fara jin hakan a jikinsa. An ba ka +1.75 ne a kan lissafin santimita 40, wato idonka yana ba da 0.75 daga aljihunsa ba tare da gajiya ba. Idan ka shiga ruwa da +1.75 ɗin, za a nemi idonka ya ba da fiye da ninkin wancan, a cikin ruwa mai duhu kuma. Saboda haka ni zan fi karkata ga +2.25 ko +2.50 a gare ka, kuma kada ka ɗauki lambar tabaran karatunka ka yi oda da ita kai tsaye.

Dalilin da ya sa kake karanta geji da gilashi marar lens kuwa shi ne, idon mai −3.00 an riga an saita shi a kan nisan santimita 33, kuma nan ne daidai inda ruwa ke kawo maka hannunka. Da ka sa na abokinka, lens ɗin ya mayar da idonka kan nesa, sai shekaru suka hana shi dawowa kusa. Ke nan kana bukatar gani iri biyu a gilashi ɗaya, sama na nesa, ƙasa na kusa.

Game da na nesa, tunda lens ɗin da ake sayarwa a shirye ba sa gyara CYL, wato rashin daidaiton lanƙwasar koniya, abin da muke yi shi ne mu ɗauki rabin lambar CYL mu haɗa da ta SPH. A idonka na dama −3.25 da rabin −0.75 ya ba da kusan −3.62, sai a zaɓi −3.50. A na hagu −2.75 da rabin −0.50 ya ba da −3.00 cif. Idan lamba ta faɗo tsakanin mataki biyu, mai raunin ganin nesa ya ɗauki mai sauƙin, musamman wanda ya haura 40, domin duk ƙarin ragi yana cin ganin kusa. Wannan dabara tana aiki ne idan CYL ƙarami ne kamar naka. Wanda nasa ya kai 1.50 ko 2.00 zai ga lambobi da inuwa a gefensu, shi sai an yi masa na musamman, wanda ake gogewa daidai takardarsa a manna shi da gam na musamman a cikin gilashin. Haka nan wanda lambarsa ta wuce 4.00 sai an yi la'akari da cewa gilashin nutso ya fi tabarau nisa da ido, kuma lens na ragi yana rage ƙarfi idan ya yi nisa, na ƙari kuma yana ƙaruwa. A lambarka bambancin bai taka kara ya karya ba.

Ka kula da wani tarko a wajen oda. Yawancin lens ɗin karatu da ake sayarwa a shirye domin gilashin nutso, samansu gilashi ne kawai marar ƙarfi, ƙasansu ne ke da lambar ƙari. An yi su ne domin wanda ganinsa na nesa lafiya lau yake. Kai idan ka saya, nesa zai ci gaba da dushewa, kusa kuma ya yi maka ƙarfi fiye da kima. Hanyoyin da suka rage maka su ne ka sa −3.50 da −3.00 sannan ka manna ƙananan na karatu a ƙasansu, ko a yi maka na musamman mai hawa biyu. Akwai kuma wata hanya da ta dace da lambarka ƙwarai: a manna lens ɗin nesa ya rufe sama da tsakiyar taga kawai, a bar ɗan wuri a ƙasa babu komai, ka riƙa karatu ta nan da idonka yadda ka saba a gilashin makaranta. Ka tambayi masu yin aikin ko za su yanka maka haka.

Hajiya ta faɗi gaskiya game da amfanin lens na manna wa ido, kuma sharuɗɗanta daidai ne, amma ina da ja a kan amfani da shi a nan gida. Lens mai laushi yana riƙe ruwa da abin da ke cikinsa a kan koniya na tsawon sa'o'i. Akwai ƙwayar cuta mai suna akantamiba da ke rayuwa a ruwa da ƙasa, kuma ciwon da take sa wa koniya yana da zafi ƙwarai, yana da wuyar magani, yana iya kai wa ga rasa gani. Ruwan lagun da na tashar Apapa, da ƙazantar gari da man jirage da ke kwarara ciki, ba irin wanda zan so ya zauna a idon majiyyacina ba ne ko na awa ɗaya. Ban da haka, lens ɗin nesa a ido zai mayar da kai kan matsalar gilashin abokinka, sai ka sake neman na karatu. Duk wanda ya yi nutso da shi sannan ya ga ido ya yi ja, yana zafi, ba ya son haske, to ya cire ya ga likitan ido a ranar, kada ya tsaya sayen maganin ɗigawa a kemis. Akwai cibiyar ido ta Guinness a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ga kuma sauran asibitocin ido a gari.

Kafin komai ka sabunta awon idonka idan takardar ta haura shekara, a wurin wanda ke da rajista da hukumar ODORBN, wadda aka kafa a 1989 domin kula da masu wannan sana'a. Ka tafi da kwamfutar nutsonka ka ce a gwada maka karatunta a nisan santimita 30, a kuma rubuta maka tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunka biyu. A shekarunka a duba hawan jinin ido a zama guda, kuma idan kana da ciwon sukari kada a yi awon a lokacin da sukarin ke hawa da sauka, domin yana sauya lambar.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, Hajiya da Likita, Allah Ya ƙara basira. Yanzu na gane abin da ke faruwa da idona. Zan fara da neman gilashi mai taga biyu da ya zauna mini, in sabunta awo, sannan in gwada hanya mai sauƙin kuɗi, wato lens ɗin nesa da na mannawa a ƙasa, kafin in yi tunanin na musamman. Sauran tambayoyina su ne, shin na mannawar nan suna zama kuwa, ko ruwa zai tafi da su lokacin da muke atisayen cika gilashi da ruwa a fitar? A ina daidai ake manna su? Sannan an ce mini sabon gilashi sai an goge shi da man goge baki, wasu ma har suna bi ta kansa da wutar layita don kada ya riƙa yin raɓa, shin hakan ba zai ɓata lens ba?

Tsohon Mai Nutso, Ijora, ya amsa:

Ɗana, na daɗe ina aikin ƙarƙashin jirage a Apapa, kankare ƙasan jirgi da kwance igiyar da ta nannaɗe farfela, kuma yawancin aikinmu da lalube ake yinsa. Duk da haka geji ba a lalubensa, sai an karanta. Tukunya tana cika ne a wajen bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne), ana so ka fito da 50 a ajiye, kuma a mita 30 jadawalin PADI minti 20 kacal ya ba mutum. Wanda ya karanta 8 alhali minti 3 ne suka rage masa ya jefa kansa cikin haɗarin cutar da kumfan iska ke haddasawa a jini. Don haka kada ka ɗauki na karatun nan a matsayin ƙari na jin daɗi.

Na mannawa suna zama idan an yi aikin da haƙuri. Ka wanke cikin gilashin da sabulun wanke kwanuka har yatsa ya riƙa ƙara a kansa, ka jiƙa lens ɗin, ka ɗora, ka matse ruwa da kumfa daga tsakiya zuwa gefe, sannan ka bar shi ya bushe kwana guda cur kafin ya ga ruwa. Ana rage girmansu da almakashi. Inda suke faɗuwa shi ne idan mutum ya tofa yawu ya murza da babban yatsa da ƙarfi, sai gefen ya ɗago. Na ga yaro ya fitar da ruwa daga gilashinsa, ɗan lens ɗin ya ɓalle ya kwanta masa a kan kumatu daga ciki, yana ta juya kai yana neman lambobi. Ka sani kuma cikin lens ɗin nesa a lanƙwashe yake, ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar gilashin asali, saboda haka ƙarami ya fi babba kamawa. Ka gwada su a wurin ninƙaya, ka cika gilashin ka fitar har ka gamsu, kafin ka kai su teku.

Wuta kuwa ka nisance ta. Sabon gilashi yana zuwa da ɗan maiƙon silikon daga masana'anta, shi ke jawo raɓa, kuma farin man goge baki yana fitar da shi daga gilashi tsantsa, amma a yi wannan kafin a manna komai. Bayan an manna, ko idan lens ɗin na roba ne ko mai shafe, sai ɗigon sabulun wanke kan jarirai da aka sirka da ruwa, a ɗauraye a hankali. Akwai masu cire hannayen tsohon tabarau su liƙa shi a ciki da gam. Ban ba ka shawarar haka ba, domin ka ƙara fuska biyu da za su yi raɓa, ga ƙarfe kusa da ido. Kada kuma ka bari wani mai gyaran tabarau ya ce zai yanka ko ya huda gilashin asali, domin gasasshen gilashi ne, da an taɓa shi zai tarwatse. Ka ajiye naka a akwatinsa, kada ka ɗaga shi kan goshi a bakin ruwa inda igiya ɗaya za ta ɗauke shi, ka sauke shi wuya. Tabaranka na ƙasa kuma ya kasance a cikin kwale-kwale, a wurin da matuƙi ya sani.

Likitan Gwajin Ido, Ikeja, ya ƙara da cewa:

Baba ya gama magana a kan mannawa da tsaftacewa. Abin da zan ƙara shi ne wurin da za a sa su. Malam, ka sa gilashin da maɗaurinsa yadda za ka sa shi a ruwa, ka riƙe abin shaƙar iska a baki domin yana sauya zaman fuska, ka dubi gaba sak, wani ya ɗiga maka alama da alƙalamin maka a wajen gilashin daidai kowace ƙwayar ido. Bakin saman lens ɗin karatu ya kasance ƙasa da wannan alama da 'yan milimitoci, ya kuma ɗan karkato wajen hanci, domin idanu suna matsowa juna idan ana duban kusa. Daga nan ka ɗaga hannunka mai kwamfuta yadda ka saba, ka sauke idanu ba tare da ka sunkuyar da kai ba. Idan sai ka ɗaga haɓa sama kafin lambobi su fito, an sa su ƙasa da yawa. Idan kuma layinsu yana ratsa fuskar mutumin da ke tsaye gabanka, sun yi sama.

Ka manna wa idanu biyun, da lamba iri ɗaya. Wasu suna manna wa ido ɗaya kawai, ko su rage wa ido ɗaya lambar nesa domin ya zama na karatu, kuma akwai waɗanda kansu ke sabawa da hakan, amma yana rage iya kimanta nisa, kuma ba a cikin ruwa ya kamata mutum ya fara gwada shi ba. Waɗannan alamun maka ɗin, tare da tazarar ƙwayoyin idanu da aka rubuta maka, su ne za ka aika wa masu yin na musamman idan ka kai ga haka, domin idan tsakiyar lens ta kauce wa ƙwayar ido tana jawo ciwon kai ko ganin abu biyu-biyu, kuma hakan ya fi tsanani ga masu lamba mai ƙarfi. Ganin kusa zai ci gaba da raguwa sannu a hankali har zuwa wajen shekara 60, saboda haka ka sake gwada karatun kwamfutarka a santimita 30 duk lokacin da ka je sabunta tabarau, ka sauya na mannawar idan lambar ta motsa.